Kujama: Rabin Kuɗin Taki Na Bin Iska Da Ruwa

A duk farkon damina, manoman masara na Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun a Jihar Kaduna, kan sayar da ragowar hatsinsu domin sayen takin zamani. Sai dai ba duk abin da suka zuba a gona ne shuka ke ci ba.

Buhun yuriya mai nauyin kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganye ya yi shar. Sinadarin ya kai kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, amma masara ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwar wake, gyaɗa da waken suya su ne ke kama shi, su mai da shi abincin shuka. Idan kara da kashin dabbobi suka ruɓe sai ya koma ƙasa, wasu ƙwayoyin kuma su mayar da shi sama.

Noman yau ya gutsure wannan zagaye. An rage hutar da gona, masara na bin masara, ana kuma ƙona kara bayan girbi, naitirojin ɗin da ke ciki ya tashi da hayaƙi. Yuriyar da aka watsa ba a binne ba takan tsere ta iska cikin 'yan kwanaki, ruwan Agusta kuma ya wanke saura zuwa rafuka. A ƙiyasin masana, kusan rabin naitirojin da ake zubawa a gonakin duniya ba ya shiga amfanin gona. Ƙasar da ta rame kuwa, nan ne wuta-wuta ke samun gindin zama.

Ƙarin masana'antu bai toshe wannan ɓaraka ba. An ƙaddamar da kamfanin takin Ɗangote a Legas a shekarar 2022, amma a shekarar ce farashi ya yi tashin gwauron zabo saboda yaƙin Rasha da Yukren.

Cibiyar IITA ta Ibadan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun daɗe suna ba da shawarar karɓa-karɓa tsakanin masara da waken suya. Masu injinan abincin kaji a Kaduna suna sayen duka biyun, saboda haka gonar da ta huta daga masara ba ta huta daga kawo kuɗi ba.