Farin Ɓawon Haƙori: In Ya Tafi Ba Ya Dawowa

Ga taƙaitaccen abin da shirin lafiya ya tattauna a wannan mako.

Kowane makiyayi ya san ana gane shekarun saniya daga haƙoranta, kuma in suka cinye, kiwo ya gagare ta sai ta rame. To, haka mutum ma. Haƙoran babba 32 ne, kowanne da farin ɓawo a samansa. Babu abin da ya kai ɓawon nan ƙarfi a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Sai dai ƙashi in ya karye yana haɗewa, shi kuwa in ya zaizaye ya tafi ke nan.

Me ke cin sa? Tsami ne. Akwai tsamin lemon kwalba da na tsamiya. Akwai kuma wanda ƙwayoyin cuta na baki ke fitarwa in sun sami sukari. Mai kurɓar shayi mai zaƙi tun safe har la'asar, haƙoransa cikin tsami suke wuni.

In shekaru sun ja, abin ya fi muni. Dasashi yakan ja baya, saiwar haƙori ta fito, ita kuwa ba ta da ɓawon. Shi ya sa ruwan randa ke sa dattijo zugi. Yawu, wanda ke wanke tsamin, yakan ragu saboda ƙishirwar tafiya ko wasu magungunan hawan jini. Kada a daina shan magani don haka, a dai yawaita shan ruwa.

In an sha abu mai tsami, a kurkure baki da ruwa, a jira kamar minti 30 kafin a goge, domin lokacin ɓawon ya yi laushi. A tauna asuwaki ya yi taushi, a goge a hankali. A bar dirza da gawayi ko toka: farin da suke kawowa kankara ce. Mai hali ya nemi man goge baki mai fuloraid, safe da dare. Nono da kindirmo suna ƙarfafa haƙori, in ba a cika musu sukari ba. Kuma don Allah a daina buɗe kwalba ko tsinke igiya da haƙori.

Wanda zugi ya hana shi barci, ya je asibiti tun haƙorin bai kai ga cirewa ba. Allah Ya ba mu lafiya.