Filashin Ba Ya Ƙara wa Wifi Nisa: Amsa ga 'Yan'uwa Masu Haɗa Rezo a Arlit

A Arlit da Akokan akwai wata magana da ta zauna a bakin masu harkar wifi, tun daga masu gyaran salula na bakin kasuwa har samarin da ke sayar da tikitin shiga intanet a unguwa. Cewa suke idan rezo bai kai gidan maƙwabci ba, ko ya kai amma yana jan ƙafa, maganinsa a yi wa rauta filashin: a cire manhajar da kamfani ya zuba mata, a ɗora DD-WRT ko OpenWrt, a ɗaga ƙarfin watsawa har ƙurya. A ganinsu kamfanoni ne suka danne na'urar da gangan, kuma manhajar da ta fi kowace ita ce wadda ta fi sakar wa mutum mara ya ɗaga lamba. Ina ganin girman masu wannan ra'ayi, domin su ne suka kai intanet gidajen da ba wanda ya ja wa waya, da kayan da wasu suka yar. Amma ban yarda da maganar ba. Tana kuma ci wa mutane kuɗi a garin da kuɗi ya yi wuya tun da Cominak ta rufe mahaƙar Akuta ranar 31 ga Maris 2021.

Maganar tana da tushe. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fito da wata rauta mai suna WRT54G. Da aka gano cewa da Linux aka gina manhajarta, sai ƙa'idar lasisin Linux ta tilasta wa kamfanin sakin asalin rubutun a 2003. Daga nan OpenWrt ta samo asali a 2004, DD-WRT ta biyo baya a 2005 a hannun Sebastian Gottschall a Jamus, sai Tomato ta Jonathan Zarate a 2006. A waccan tsohuwar rauta kamfani ya tsayar da ƙarfin watsawa a wajen miliwat 28, DD-WRT kuwa ta ba da damar rubuta har 251. Duk wanda ya ga lamba ta ninka kusan sau tara dole ya ɗauka an buɗe masa taska. Labarin nan ne ya yi ta yawo daga baki zuwa baki sama da shekara 20, har ya iso mu, alhali na'urorin da ake sayarwa yau sun sha bamban da waccan. A yawancinsu iyakar ƙarfin tana rubuce a cikin ƙwayar rediyon tun daga masana'anta, ko me ka rubuta a shafin saiti ba za ta wuce nan ba.

To a ce ma ta wuce. Gada, wato haɗa rautoci biyu ta iska tsakanin gida biyu, zance ne na kai da komowa. Duk saƙon da rautar farko ta aika, sai ta ji ta biyun ta amsa cewa ya iso, in ba ta ji ba ta sake aikawa. Kamar mutum biyu ne a gaɓar kori, ɗaya da lasifika a hannu, ɗayan da muryarsa kawai: mai lasifika ana jin sa sarai, shi kuwa ba ya jin amsa, sai ya yi ta maimaita magana ɗaya. Wannan ne ya sa za ka ga salula ta nuna sandunan wifi a cike amma saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Sandunan nan ƙarfin abin da salular ke ji kawai suke nunawa, ba sa faɗin ko rautar tana jin ta.

Lissafin ma bai goyi bayan ɗaga ƙarfi ba. A sarari fetal, in kana son ninka nisa sau biyu sai ka ninka ƙarfi sau huɗu. Ƙwayar rediyon da aka matsa wa fiye da ƙima kuwa zafi take ɗauka, siginarta ta gurɓace, ta fantsama cikin tashoshin maƙwabta. A zangon giga 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Idan kowane mai tikiti a Bukoki ya ɗaga tasa har ƙarshe, kowa ya toshe wa ɗan'uwansa kunne, rezon unguwar gaba ɗaya ya lalace, kowa kuma ya koma yana zargin na'urarsa. Ban da haka, iyakar ƙarfin da aka yarda a watsa magana ce ta doka, kuma hukumar ARCEP ce ke kula da ita a Nijar.

Abin da ke ƙara nisa da gaske shi ne eriya mai fuskantar gefe ɗaya da kuma tsayi. Eriya irin wannan tana ƙara ƙarfin aikawa, tana kuma ƙara kaifin ji, riba biyu ke nan da manhaja ba ta iya bayarwa. A nan ma Allah ya yi mana sauƙi. Ƙasar Arlit shimfiɗaɗɗiya ce, itatuwa kaɗan ne, iska busasshiya, benaye ba su da yawa. Ƙura kanta ba ta cin sigina sosai a ɗan gajeren zango irin namu. Ɓarnarta ita ce toshe ramukan shan iska, sai guguwa da ke karkatar da ƙarfen da aka ɗaura eriya. Abokan gabar sigina su ne kaurin katangar laka, da kwanon rufi, da ƙofofin ƙarfe da kwantena. Ganin juna da ido kawai ma bai wadatar ba, domin sigina tana bukatar fili a kewayen layin da take bi. A tazarar kilomita ɗaya, a zangon giga 2.4, filin nan yana kai kusan mita biyar da rabi ta kowane gefe a tsakiyar hanya, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ya zama babu komai. Ma'ana layin ya wuce saman rufin mutane da mita uku da wani abu. Kuɗin da aka ba mai filashin, da an sayi ƙarin bututun ƙarfe da shi an ɗaga eriya, da an fi ganin canji.

Sai zafi. Dubi takardar kusan kowace rautar gida, za ka ga an rubuta tana aiki daga digiri 0 zuwa 40. A Mayu da Yuni inuwa ma tana wuce 40 a nan, balle ƙarƙashin kwano, balle cikin robar fenti da ake rataye rauta a ciki a kan rufi don kare ta daga ƙura. Na'urar da ke cikin wannan hali, a ce kuma an ɗaga mata ƙarfi, ita ce ke sandarewa da azahar ta farfaɗo bayan la'asar, mai ita kuma ya ce manhajar ce ba ta da kyau, a sauya wata. Na'urorin da aka ƙera don waje, irin NanoStation ta Ubiquiti ko CPE ta TP-Link ko na MikroTik, suna jure zafi da ya fi haka nesa, eriyarsu na ciki, kuma manhajar da suka zo da ita ta iya aikin gada ba tare da an taɓa ta ba.

Duk da haka ban ce a guji sauya manhaja ba. Cewa nake dalilin zaɓenta daban ne da wanda ake faɗi, kuma a nan ne masu gyara suka fi shan wahala ba tare da sanin musabbabi ba. Saƙon wifi na yau da kullum adireshi uku yake ɗauka. Idan rauta ta shiga rezon wata a matsayin baƙuwa, uwar gidan ita kaɗai ta sani, ba ta san kwamfutoci da salulolin da ke bayanta ba. Gada ta gaskiya tana bukatar adireshi na huɗu, abin da ake kira WDS. Matsalar ita ce kowane mai ƙera ƙwayar rediyo ya yi WDS ɗinsa yadda ya ga dama, na Broadcom ba ya jituwa da na Atheros. Shi ya sa gada ke tafiya lafiya idan OpenWrt ce a gefe biyun, amma ta ƙi idan gefe ɗaya akwatin kamfanin sadarwa ne da ba ka da ikon taɓawa. Akwai dabarar relayd a OpenWrt, akwai makamanciyarta a DD-WRT, suna yi wa uwar gida wayo ta ɗauka na'ura ɗaya ce. Suna aiki, amma sukan bar ka da firinta da ta ɓace daga rezo ko kyamarar shago da ba a gani daga gida. In abin da ake so kawai a shiga Facebook a kira 'yan'uwa a Tamanrasset ko Kano, ba a ma bukatar gada ta gaskiya: rauta ta biyu ta karɓi intanet ta raba da nata adireshin, kuma rautoci masu araha da yawa sun zo da wannan tsari daga kamfani.

Saboda haka ƙwayar da ke cikin na'urar ita ke zaɓa maka manhaja. Mai Atheros ko MediaTek ta fi dacewa da OpenWrt. Mai Broadcom kuwa wifinta ba ya tafiya daidai a OpenWrt, saboda kamfanin bai saki sirrin sarrafa ƙwayar ba, sai DD-WRT ko FreshTomato.

Na ga yadda wani ƙwararren mai gyara ke karɓar irin wannan aiki, kuma ya burge ni. Dattijo ya kawo masa TL-WR841N ya ce a ƙara mata ƙarfi. Bai jona ta ba tukuna, sai ya kifa ta, ya goge ƙurar takardar da ke manne a gindinta da babban yatsa, ya karanta lambar da ke gaban Ver. Ya ce, “Baba, wannan tsohon zubi ce. Ma'ajiyarta mega 4, ƙwaƙwalwar aikinta 32. Sabuwar manhaja ba za ta shige ta ba. Mita nawa ne daga ɗakinka zuwa shagon?” Dattijon ya ce bai kai taku sittin ba. Ya ce, “To Baba, kebul za mu ja, ita kuma mu bar ta yadda take.” Gaskiya ya faɗa ta kowace fuska. Suna ɗaya a kwali ba ya nufin ciki ɗaya: tsofaffin zubin wannan rauta Atheros ne, zubi na 13 MediaTek ne, kuma fayil ɗin wani zubi yana iya kashe wani. OpenWrt ta daina tallafa wa masu mega 4 da 32 bayan fitowar 19.07. Kebul kuwa yana kai mita 100 ba tare da asarar sauri ba, alhali rauta mai rediyo ɗaya da ke karɓa tana sake watsawa tana zubar da kusan rabin saurin, don ba ta iya ji da magana a lokaci guda.

Hatsarin filashin kansa ma ya fi girma a wurinmu. Wutar garin daga tashar kwal ta Sonichar da ke Anu Araren kusa da Cirozerin take tahowa ta dogon layi. In ta ɗauke ana tsakiyar rubuta manhaja, rautar ta mutu, sai mai haƙuri da kayan aiki ne zai iya tashin ta, wata sa'in ma sai an buɗe cikinta. Madadinta kuma mai yiwuwa sai an aika Agadas, tafiyar kusan kilomita 240. Duk mai yin wannan aiki ya yi shi a kan batir, ta kebul, bayan ya ajiye kwafin manhajar asali.

Amfanin manhajar da aka sauya na gaskiya guda biyu ne, kuma sun isa a yi wahala dominsu. Na farko gyaran ɓaraka. A 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya bayyana raunin da aka kira KRACK a tsarin tsaron WPA2, wanda ya fi shafar ɓangaren baƙo, wato daidai matsayin da rautar gada ke ciki. Masu wannan manhaja ta kowa da kowa sun fitar da gyara a watan Oktoban nan, rautoci da yawa da kamfanoninsu suka manta da su kuwa har yau ba su samu ba.

Na biyu adalci wajen rabo, kuma shi ne abin da mai sayar da tikiti ke nema ba tare da ya san sunansa ba. Saurin da ke shigowa gida daga Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms yake, ko daga Starlink da ta fara aiki a Nijar a Maris 2025, kuma babu manhajar da za ta ƙara masa ko mega ɗaya. Abin da mutane ke kira rashin sauri sau da yawa cunkoso ne: mutum ɗaya na ɗora bidiyo, sai kiran kowa ya riƙa yankewa. Jim Gettys ya yi bayanin wannan cuta a 2010, kuma maganinta, tsarin SQM da CAKE, yana cikin OpenWrt, yana jera saƙonni yadda ƙaramin kira ba zai tsaya bayan babban fayil ba. Sai dai wurinsa rautar farko ce, wadda intanet ke shigowa ta cikinta, kuma yana son na'ura mai ɗan ƙarfin ƙwaƙwalwa. A layin da saurinsa ke hawa da sauka kamar 4G, sai an saita shi ƙasa da abin da layin ke bayarwa a lokacin cunkoso. Mu kuwa mun saba yi wa ta ƙarshen gada filashin mu bar ta farkon yadda take.

Tsofaffin rautocin nan masu mega 4 da suka cika kasuwa ba na yarwa ba ne. A bar musu manhajarsu, a ja musu kebul daga rautar farko, a kashe musu rabon adireshi don kada su yi karo da ita, a sauya kalmar sirrin da suka zo da ita, a ba kowace tashar da maƙwabciyarta ba ta kai. A ajiye su cikin ɗaki inda iska ke ratsawa, nesa da kwano, kuma in ɗakin ƙarami ne a rage musu ƙarfin watsawa.