Jinkiri a Shari'ar Ladabtar da Ɗan Sanda

Idan ɗan kasuwa a Sabon Gari ya kai ƙarar kurtun ɗan sanda, shugabannin kurtun ne ke zama su tuhume shi. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya shimfiɗa wa shari'a ƙa'idoji biyu, watau a saurari mutum bisa adalci, kuma cikin lokacin da ya dace. Ta biyun nan ita ce abin lura. Sabon Gari da Fagge masaukin baƙi ne. Fatake da direbobin da aka yi abu a gabansu ba za su zauna jiran ranar zama ba. In shaidu suka watse, mai ƙara ya rasa hujja, kurtun kuma ya rasa mai wanke shi. Saboda haka wajibi ne a sanar da shi tuhumar a rubuce, a ba shi damar kare kansa, a yanke hukunci tun shaidu suna gari.