Hawan Keke a Ƙarshen Hunturu

A watan Fabrairu sanyi yakan ragu a ƙasar Funtuwa, an gama cirar auduga. Lokacin nan yara kan ji daɗin yawo a kan keke.

Amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi Bakori ko Malumfashi, za ta tare shi, ya yi ta fama da feda. In ya juyo gida kuwa, ita za ta riƙa tura shi. Saboda haka mai hankali yakan fuskanci iska tun yana da ƙarfi, kada gajiya ta kama shi nesa da gida.

Kafin ya hau, ya duba birki da ƙararrawa. Ya kuma bi hannun dama, domin haka dokar Nijeriya take tun 1972.