Luwiziyana: tafarnuwa, "Paparoma" a cikin tukunya

A kudancin jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka, galibin miya da abu uku take farawa: albasa, koren tattasai da saleri. Mutanen yankin, waɗanda da yawansu Katolika ne, suna kiran ukun nan "Triniti Mai Tsarki". Tafarnuwa ba ta cikin lissafin, amma ita suka naɗa wa rawani, suna ce mata "Paparoma".

Girki iri biyu ne a can. Na Kajun girkin karkara ne, na jikokin Faransawan Akadiya da Ingilishi suka kora daga Kanada a 1755, daga baya suka yada zango a fadamun Luwiziyana. Na Kireyol kuwa ɗan birni ne, haifaffen Nuwel Orleyan wanda aka kafa a 1718, da hannun Faransawa, Sifaniyawa da bayin da aka kwaso daga Afirka. Shahararriyar miyarsu, gumbo, sunanta ɗaya da "gombo", kuɓewar da muka sani.

Darajar tafarnuwa tana ga lokacin zuba ta. Mai girki takan soya garin alkama cikin mai, tana motsawa ba hutawa har ya yi duhu, sannan ta zuba albasa da ƴan uwanta su yi laushi. Sai daga ƙarshe tafarnuwa ta shiga, minti ɗaya ya ishe ta, domin da ta ƙone ɗaci take yi, aikin awa guda ya tashi a banza.

Ƴan Kajun sukan huda tsokar nama da wuƙa, su cusa tafarnuwa da barkono cikin ramukan kafin dahuwa, ƙamshi ya ratsa ko'ina. A birni kuwa, baƙi daga tsibirin Sisili na Italiya da suka kwararo a ƙarshen ƙarni na 19 sun ƙara mata kasuwa. Miyar da ake kira bordelez, wadda a Faransa da jan giya ake yin ta, a Nuwel Orleyan ta koma man shanu, faski da tafarnuwa zalla.

A 1921 tsarin mulkin jihar ya mayar da Ingilishi harshen koyarwa, aka riƙa horon yara in sun yi Faransanci a lakwal. Harshen ya ja baya ƙwarai, sai a 1968 aka kafa hukumar CODOFIL don ceto shi. Dokar ba ta kai madafa ba: jikokin da ba sa jin yaren kakanninsu har yau da Faransanci suke kiran girkinsu, kuma sun san lokacin zuba tafarnuwa.