Zaɓen Manhajar Yi Wa Rumbun Bayanan Kasuwanci Tambaya

Kamfanoni da manyan 'yan kasuwa da dama a ƙasar nan suna ajiye lissafin cinikinsu a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma sau da yawa shugaban kamfani ba ya iya ciro bayani da kansa. Dalili kuwa shi ne, rumbun bayanai yana karɓar umurni ne da wani harshe na musamman da ake kira SQL, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM na Amurka cikin shekarun 1970. Tilas a jira ma'aikacin da ya iya shi.

Manhajojin da ke karɓar tambaya cikin magana ta yau da kullum su binciko amsa ba sababbi ba ne, domin tun a 1985 kamfanin Symantec ya fitar da wata mai suna Q&A. Amma bayan fitowar ChatGPT a 2022 sai suka yawaita. Wasu suna zuwa haɗe da manhajar shirya rahoto, kamar Power BI ta Microsoft, wasu kuma sai an sami ƙwararre ya haɗa su da rumbun kamfani.

Babban abin dubawa shi ne ko manhajar ta san ma'anar kalmomin kamfanin. Misali, idan mai rarraba kayan masarufi ya tambaya, nawa aka sayar a watan jiya, tambayar tana da fuska fiye da ɗaya. Shin har da kayan da aka bayar bashi? Har da waɗanda aka dawo da su? An cire harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, ko ba a cire ba? Manhajar za ta zaɓi fuska ɗaya ta ba da adadi ba tare da nuna shakka ba, kuma nan haɗarin yake, domin da wannan adadin ne za a yi odar kaya ko a nemi rance a banki. Saboda haka wadda ta fi cancanta ita ce mai barin akanta ya rubuta ma'anar ciniki, riba da bashi sau ɗaya, sannan ta nuna hanyar da ta bi ta sami kowace amsa.

Akwai kuma matsalar sunaye. Abokin ciniki ɗaya yana iya shiga littafi a matsayin Muhammad, Mohammed da Muhammadu, sai na'ura ta ɗauke shi mutum uku, ta raba bashinsa gida uku. Yawancin manhajojin sun fi fahimtar Turanci, don haka mai son tambaya da Hausa ya jarraba tukuna, da tambayoyin da ya riga ya san amsarsu daga littafin akanta.

Kuɗin hayar yawancinsu da dala ake biya, abin da ya ƙara nauyi tun faɗuwar darajar naira a 2023. Masu su kan janye su: Tableau ya ƙaddamar da Ask Data a 2019, ya kuma fara janye ta a 2024.

Daga ƙarshe, wasu manhajojin suna aika bayanai zuwa na'urorin da ke ƙasashen waje. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane daga Nijeriya, kuma kamfanin da ya tara bayanan ne za a fara tuhuma idan aka saɓa mata.