Yadda Ake Haɗa Fitilar Ƙofa a Tsohuwar Mota Mai Ɗakin Kwana

Da yawa daga cikinmu, ɗalibai da malamai da iyayenmu na ikkilisiya, mun saba ganin ƙaramar fitilar nan ta cikin mota da ke kamawa da zarar an buɗe ƙofa, ta kuma mutu idan an rufe. Haka ma ta cikin firiji. Ba mu cika tsayawa mu tambayi wanda ya kunna ta ba. A wannan shafi muna so mu bi sawun wannan wuta daga batir har zuwa ƙofa, kuma mun zaɓi mu yi misali da tsohuwar mota mai ɗakin kwana, domin a cikinta ne aikin yake da 'yar wahala, kuma a nan darasin yake.

Mota mai ɗakin kwana mota ce da aka gina wa gado da wurin girki da kabad a ciki, har iyali su yi tafiya mai nisa suna kwana a cikinta. Al'ada ce ta mutanen Turai da Amurka. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera motar da muka sani da suna Kombi a 1950, a 1951 kuma kamfanin Westfalia ya fara shirya mata kayan ɗaki na tafiya. A Amurka, kamfanin Winnebago na jihar Ayowa ya fitar da tasa ta farko a 1966. Kombi ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tun da an riƙa haɗa motocin Volkswagen a Legas daga 1975. Dattawanmu kuma suna iya tuna Turawan da suka riƙa ketaro Sahara a irin waɗannan motoci a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano. An daina ƙera wannan tsohon samfurin Kombi a 2013, a ƙasar Barazil, saboda haka duk wadda ta rage a hannun mutane sai lallaɓawa.

Da dama daga cikin tsofaffin motocin nan suna da fitila mai kunna kanta a ƙofar direba, amma ƙofar gefe, wadda ake shiga ɗaki ta cikinta, ba ta da ita. Ga shi kuwa nan ne aka fi bukatar haske. Matakalar tana da tsawo, mutum yana saukowa cikin duhu a wurin da bai sani ba, watakila da yaro a hannu. Duk wanda ya taɓa bin ƙungiyar bishara zuwa ƙauye ya kwana a gefen mota ya san cewa kunama ba ta yin sallama.

Da farko sai mu tuna abin da aka koya mana a aji: wuta ba ta tafiya sai ta sami hanyar zuwa da hanyar komowa. Tana fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta ratsa ƙwan fitila, ta koma ta kan da ke da alamar ɗebewa. Masu ƙera mota sun yi dabara don rage yawan waya. Sun ɗaure kan batir mai alamar ɗebewa a jikin ƙarfen mota, sai ƙarfen motar gaba ɗaya ya zama hanyar komowa. Don haka waya ɗaya ce take kai wuta, bodin mota ne yake mayar da ita.

To, ina za a sa makunnin? Mai koyo zai ce a sa shi tsakanin batir da ƙwai, kamar yadda muke yi a gida. Amma a fitilar ƙofa akasin haka ake yi. Wuta tana isa ƙwan dare da rana, hanyar komowarta ce ake yankewa. Daga ƙwan sai waya ta tafi wurin wani ɗan makunni mai sifirin da aka ɗaure a firam ɗin ƙofa. Idan ƙofa tana rufe, ta danne kan makunnin, hanya ta yanke. Idan an buɗe, sifirin ya turo shi waje, wayar ta taɓa jikin mota, fitila ta kama. Wato makunni ne mai aiki a juye: danna shi ne kashewa, sakin sa ne kunnawa.

Mun daɗe muna sha'awar hikimar da ke cikin wannan tsari. Ƙofa wuri ne na motsi da ruwa da ƙura, kuma a nan waya take saurin gogewa. Da a ce wayar da ke zuwa ƙofa ita ce mai ɗauke da wuta kai tsaye daga batir, ranar da robarta ta cinye ta taɓa ƙarfe sai tartsatsi, fis ya ƙone, in babu fis kuwa wayar ta yi ja ta kama da wuta. Amma da yake wutar ta riga ta ratsa ƙwan kafin ta iso ƙofa, idan wayar ta goge ta taɓa bodi, abin da zai faru kawai shi ne fitila ta ƙi mutuwa. Ɓarna ta zama sanarwa. Bugu da ƙari, ana iya jona ƙofa biyu ko uku a kan waya ɗaya, kowace aka buɗe fitila ta kama.

Kafin a taɓa waya

Akwai abubuwan da dole a bincika, domin tsohuwar mota ba ta bin ƙa'idar sabuwa. Motocin Volkswagen na kafin 1967 yawancinsu bolt 6 suke amfani da shi, ba 12 ba. Motocin Ingila da yawa na kafin tsakiyar shekarun 1960 kuma kan batir mai alamar tarawa ne aka ɗaure a bodinsu. Ƙwan fitila mai zare bai damu da wannan ba, ta kowane gefe wuta ta zo zai kama, amma fitilar LED ba ta yarda a juya mata kai.

Launin waya ma yana yaudara. A motocin Jamus ruwan ƙasa ce wayar bodi, ja kuma ita ce mai wuta kullum. A ɓangaren ɗaki na motocin Amurka sau da yawa baƙar waya ce mai wuta, fara ce ta komowa, alhali riwayanmu sun saba da cewa baƙa ita ce ta ɗebewa. Ga kuma hannuwan da suka yi wa motar gyara cikin shekara hamsin, kowa da guntun wayar da ya samu. Shawararmu ita ce kada a gaskata launi sai an gwada da mita ko fitilar gwaji.

Manyan motocin kwana suna da batir biyu, ɗaya na tada inji, ɗaya na ɗaki. Daga na ɗaki ake ɗaukar wutar wannan fitila, don kada a wayi gari mota ta ƙi tashi. Haka kuma akwai wayoyi na wutar gida, bolt 120 a na Amurka, 230 a na Turai, waɗanda ake jonawa idan an yi zango. Waɗannan suna kisa. A cire filogin waje, a rufe tukunyar gas ta girki, sa'an nan a kwance kan batir wanda ke haɗe da bodi tukuna. Dalili shi ne, idan sifana ta taɓa ƙarfen mota a lokacin da ake kwance wannan kan, babu abin da zai faru. In aka fara da ɗayan kan kuwa, sifanar ta zama gada tsakanin batir da bodi. Zobe da agogon ƙarfe ma a cire su.

Aikin kansa ba shi da tsawo. A ɗauki waya daga batir na ɗaki ko daga akwatin fis, a sa mata fis na amfiya 3 ko 5 kusa da inda ta taso. Fis yana tsaron waya ne, saboda haka duk tazarar da ke tsakanin batir da fis tazara ce marar mai gadi. A kai wayar wurin fitilar, wadda ya kamata a kafa ta inda za ta haska matakala da ƙasan waje, ba idon mai shigowa ba. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1 ta isa. Duk inda za ta ratsa hudar ƙarfe a sa mata zoben roba. Daga ɗayan ƙafar fitilar a ja waya zuwa makunnin ƙofa. A lura cewa wasu gidajen fitila ƙafarsu ɗaya a haɗe take da sukurun da ake ɗaure su da shi, irin waɗannan za su kama har abada idan aka ɗaure su a ƙarfe, don haka a nemi mai waya biyu. A goge wurin da makunnin zai zauna da samfefa har ƙarfe ya fito fes, bayan an ɗaure a shafa ɗan giris saboda tsatsa.

Maganar tsatsa ba ƙarama ba ce, kuma dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 tana nuna mana dalili. Ƙwai mai wat 10 a bolt 12 yana jan amfiya 0.83. Idan tsatsa ta ƙara om 1 a hanya, za a yi asarar kusan bolt 0.8. A mota mai bolt 6 kuwa, ƙwai mai wat 10 zai rasa kusan bolt 1.3 daga cikin 6 ɗin nan, fiye da kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Shi ya sa fitilun tsofaffin Kombi suke yin ja kamar aci-balbal, a yi ta zargin batir alhali laifin yana wurin sukuru ɗaya.

Idan firam ɗin ba ƙarfe ba ne

A nan ne motar kwana ta bambanta da sauran motoci. Ɗakin da aka gina a bayanta sau da yawa katako ne da falle-fallen alminiyam ko roba mai ƙarfi, kuma firam ɗin ƙofar ba lallai ya kasance a haɗe da ƙashin motar ba. Makunni mai waya ɗaya ba zai yi aiki a nan ba. Sai a nemi mai ƙafa biyu, a ja wa ƙafa ta biyu wayarta har zuwa ƙashin mota ko kan batir.

Wani lokaci kuma ƙofar ta saki, ba ta danne makunnin sosai, sai fitila ta riƙa ƙyaftawa a kan hanya mai gargada. Maganin wannan shi ne makunni mai aiki da maganaɗisu. Ɗan bututun gilashi ne mai siraran ƙarafa a ciki, wanda Walter Ellwood ya ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1936. Ana liƙa maganaɗisu a ƙofa, bututun a firam. Sai dai akwai tarko biyu. Irin da aka fi samu a kasuwa, na ƙararrawar ɓarayi, yana haɗa hanya ne idan maganaɗisu ya matso, mu kuwa akasin haka muke so. A nemi mai ƙafa uku, a zaɓi ƙafa biyun da ke haɗuwa idan maganaɗisu ya yi nisa. Tarko na biyu shi ne, zaren ƙwai idan yana da sanyi yana fizgar wuta ninki goma ko kusa da haka a daidai lokacin kamawa, wannan kuwa yana iya liƙe siraran ƙarafan nan wuri ɗaya. Saboda haka ko dai a yi amfani da LED, ko a sa rile a tsakani. Rile na mota yana da lambobi a gindinsa: 85 da 86 su ne na naɗin waya da makunnin zai riƙa ciyarwa, 30 da 87 su ne masu ɗaukar wutar fitila. Wasu sukan yi wayo su yi amfani da makunnin ƙararrawa tare da ƙafa 87a don su juya aikin. Fitilar za ta yi daidai, amma rilen zai kasance a kunne muddin ƙofa tana rufe, yana shan wajen amfiya 0.15 ba dare ba rana. Ba mu goyon bayan wannan hanya ko kaɗan.

Ga lissafin da ya sa muka ce haka. Batir mai ƙarfin amfiya 60 na awa ɗaya bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba, in ana so ya yi ƙarko. Saura 30 ke nan. Rile mai shan 0.15 zai cinye su cikin kwana takwas, motar tana ajiye ba wanda ya taɓa ta. Ƙwai mai wat 10 kuma zai cinye su cikin awa 36. A lokacin zafi wa zai rufe ƙofa? Don haka a sa wa fitilar makunni na biyu mai matsayi uku: ɗaya ya haɗa ƙafar komowa da bodi kai tsaye, fitila ta kama kullum, ɗaya ya haɗa ta da makunnin ƙofa, na tsakiya kuma ya kashe ta gaba ɗaya. LED mai wat 1 tana ba da haske kusan daidai da wancan ƙwan da kashi ɗaya cikin goma na wutarsa. Ga 'yan ajin kimiyya, farar LED ta samu ne daga shuɗiyar LED da aka yi nasarar ƙerawa a Japan a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba Akasaki da Amano da Nakamura lambar Nobel a 2014.

Mai son fitilar ta ɗan jira bayan an rufe ƙofa, har mutum ya nemi makunnin ciki, zai iya ƙara ɗan guntun nan mai lamba 555 da ya shiga kasuwa a 1972. Tsawon jiransa shi ne 1.1 sau resista sau kafasita. Resista mai om 100,000 da kafasita mai maikurofarad 220 za su ba da kimanin daƙiƙa 24.

Bayan an mayar da kan batir, wanda ke haɗe da bodi a ƙarshe, sai gwaji. Idan fitila ta ƙi kamawa, a zare wayar da ke bayan makunnin ƙofa a taɓa ta a tsabtataccen ƙarfe. In ta kama, laifin na makunni ne ko na wurin zamansa. In ba ta kama ba, a koma baya: ƙwai, sa'an nan fis, sa'an nan wayar da ta taso daga batir. Idan kuma ta ƙi mutuwa, a danne makunnin da yatsa. In ta mutu, ƙofa ce ba ta kai gare shi, sai a liƙa ɗan guntun roba a inda suke haɗuwa. In ba ta mutu ba ko da an zare wayar makunnin, to waya ta goge a wani wuri tsakanin fitila da ƙofa.

Ba sai muna da motar kwana za mu gwada wannan ba. Batirin tocila biyu, ƙaramin ƙwai, da maƙalin shanya na katako da aka naɗa wa bakinsa biyu wayar tagulla sun isa a ɗakin gwaje-gwajenmu: idan aka matsa wutsiyarsa baki ya buɗe, ƙwai ya mutu, idan aka saki ya kama. Wannan haɗin kuma, da batir mai cajin hasken rana, zai yi aiki a ƙofar sito ko kabad ɗin magani na ɗakin shan magani a ƙauye, in dai an ja waya ta biyu don komowa, tun da bangon ƙasa ba ya ɗaukar wuta.